Laka a Gindin Kwalba

Kwalbar tana kan taga, inda take zama tun Auta tana ƙarama, sai dai yau akwai laka kwance a gindinta, kaurin yatsa guda. Tana cire takalmi a ƙofar ɗakin gadi ta hango ta. Ta yi maza ta kawar da ido, ta gaishe da mahaifinta.

Shekara ashirin da takwas Baba yana gadin wannan dam. Ba wani babban dam ba ne. Bangon ƙasa ne da aka daddaɓe a bakin kwari don ya riƙe ruwan damina, kada ya auka wa gidaje saba'in da ke gangare. Kullum da safe Baba zai duba ma'aunin ruwa, ya zaga neman ramin ɓera da gidan gara, sannan ya sauka bayan bango inda ruwa ke tsattsafowa, ya cika kwalba ya ɗaga ta saitin rana. Shi ya koya wa Auta tun ba ta iya rubuta sunanta ba: duk dam na ƙasa yana zufa. In zufar fara ce tas, babu komai. Ranar da ta zo da laka, ruwa ya soma cin bangon ta ciki.

Yanzu ga ta injiniya a ofishin ruwa, an turo ta duban tsakiyar damina. Baba ya yi ta tsokanarta, wai hular kwanon ta fi ƙarfin wuyanta, wai ko ofishin nasu takarda suke ba ta ta ci. Yana dariya, amma idonsa na ƙasa. Ta buɗe littafin rahoto. Shafi bayan shafi, da rubutunsa mai kwantawa gefe: ruwa fari, ruwa fari, har na safiyar nan.

Suka fita tare, shi a gaba, ita a baya.

Akwai wani mangwaro tsaye a jikin bangon ta baya. Inna ce ta binne ƙwallonsa shekarar da Baba ya kama aiki, don ta gaji da kawo masa abinci tana jiransa cikin rana. A lokacin ba wanda ya ce mata ba a dasa itace a jikin dam. Da aka zo aka faɗa, itacen ya girma, kuma duk jami'in da ya zo sai ya zauna a inuwarsa ya sha mangwaro, maganar ta bi iska. Shekara biyu kenan da rasuwar Inna. Kujerarta 'yar tsugunno tana nan a gindinsa, kuma Auta ta lura babu ƙura a kanta.

Taku goma ƙasa da itacen, an jera buhunan tsakuwa, jeri mai kyau irin na wanda ya san aiki. Ta ja buhu ɗaya gefe, ta tona da hannu. Yatsunta suka ci karo da saiwa mai kaurin tsintsiyar hannu. Ruwa na bin jikinta yana fitowa, ja kamar shayi.

"Baba, tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha tara."

"To littafin fa?"

"Hannuna ne ya ƙi rubuta laka."

Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar, bai hau kanta ba. Ya ce ya yi zaton da tsakuwa abin zai lafa. Ya ce sau uku yana ɗaukar waya ya kira ofis, sai ya tsinci kansa yana tambayar lafiyar direban ofishin. Can ya tambaye ta, da murya ƙasa-ƙasa, ko za a iya rage rassa kawai. Ta yi masa bayanin da ya riga ya sani: sai an rage ruwan dam, a sare itacen, a tone saiwa ɗaya bayan ɗaya, a cike gurbin da yumɓu a daddaɓe. In an bar ko guntuwa, za ta ruɓe ta zama hanyar ruwa. Tana magana tana kallon reshen da Inna ta taɓa ɗaura mata lilo, har yanzu da shatin igiya a jikinsa.

Ta riga ta ƙulla a ranta cewa za ta rubuta lakar, ta rubuta itacen, littafin kuwa ta yi kamar ba ta buɗe ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata.

"Ka san yau zan zo. Me ya hana ka zubar da kwalbar?"

"Wa ya koya miki duba kwalba?" Ya kakkaɓe tafin hannunsa. "Ki rubuta yadda kika gani, har da littafin."

"Za su sallame ka, Baba."

"Yayarki na ƙasan nan da 'ya'yanta huɗu. Kwana goma sha tara na bar su a bakin ruwa saboda itace. Wanda ya yi wannan ba mai gadi ba ne."

Ta rubuta rahoton a kan bayan motar ofis da ta kawo ta. Sau biyu direba yana leƙowa ya tambaya ko wani abu ne ya faɗa mata a ido.

A rana ta uku da fara sakin ruwan dam, ruwan ya ja baya, ya bar baƙin shati a jikin bangon. Masu sara suka iso da inji da igiyoyi, suna ta gardamar gefen da za su kayar da shi. Babbansu ya ce da Baba ya matsa, tsoho, kada reshe ya yi masa aski. Baba ya murmusa. Ya shiga ɗakin gadi, ya jima. Ta taga Auta ta ga ya wanke kwalbar ya mayar da ita inda take, ya ɗora makullan famfon sakin ruwa a kan littafin.

Injin ya tashi da ƙara. Ta juya don ta nuna musu inda za su tsaya. Da ta waiwayo, kujerar Inna ba ta gindin itacen. Baba ya yi nisa a kan hanyar da ke gangarawa gari, kujerar a hammatarsa, yana tafiya a hankali.