Kwanon Yari

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, motar albasa ta dawo Gehuru daga Ikko da saƙo biyu: Yari ya rasu, ga kuma kwanonsa. Gawa dai an rufe ta can, inda ya yi shekara da shekaru yana sayar da albasa a bakin teku. Kwanon rumfarsa ne ƙaninsa Alu ya ɓamɓaro, don kowa ya san alkawarin da Yari ya yi wa matarsa Hafsatu, cewa wata rana zai cire mata jinka ya ɗora kwano.

Hafsatu ba ta yi kuka ba. Mata suka yi ta tsegumi, wai zuciyarta dutse ce. Ina! Ba ta dai jin kome ne, ko gishirin miya. Da ta fita takaba ta ce a ɗora kafin ruwa ya sauka.

To mu nan me muka sani? A wurinmu kwano ba ya mutuwa. Na gidan maigari tun muna yara yake, har yau ko ɗigo. Wani farin gari da ke jikin na Yari kuwa, kowa ya ce toka ce. Hafsatu ta sa tsumma ta goge, ta kuma sa aka tuge jinkar tun ba a gwada kwanon ba. Aka saki reshe aka kama ganye.

Alu ya hau ya buga ƙusa, wurin ya ɓurme kamar tsohuwar ƙwarya. Falle na biyu ma haka. Ya ɗaga na uku ga rana, haske ya tsiyayo ta ko'ina. Sai ya sauko yana sosa ƙeya, ya ce ya taɓa ji a Ikko, bai dai yarda ba. Wai farin nan ba toka ba ne, fatar kwanon ce iskar teku ta cinye, in ta tafi kuma sai tsatsa ta shiga. Gishiri ke cikin iskar.

"Gishiri cikin iska?" in ji Hafsatu.

"Shi, matar yaya. Kullum."

Ta tuna tarin da Yari ya zo da shi zuwan ƙarshe, ya ce mata sanyi ne kawai.

"Ita yayanka yash shaƙa shekarun ga duka?"

Alu ya shiga tattara ƙusoshinsa.

Da la'asar hadari ya haɗu daga gabas. Aka kwashe kayanta zuwa ɗakin surukarta, aka yi aka yi ta fito, ta ƙi. Ta ja falle ɗaya cikin ɗakin da ba rufi, ta jingina shi da bango ta zauna ƙarƙashi. Ruwan ya sauko, ya bi hujojin, ya gangaro mata fuska. Ta lashi leɓenta, ta ji gishiri.