Ranar da Rafali Ya Ɓata

Rafali ake kiransa tun zamanin da yake busa usur a filayen ƙwallon makarantu. Ya yi ritaya, amma sunan bai sake shi ba, haka ma ƙafarsa ba ta koyi zama ba. Matarsa takan ce da za a ɗaure shi a kujera, da kujerar zai tashi ya kama yawo.

Saboda ita suka zo birnin. Wani ƙullutu ne ya fito mata a wuya, likitan garinsu ya tura su babban asibiti, aka ɗebi ɗan nama don gwaji, aka ce su dawo washegari da yamma su ji sakamako. Autarsu, wadda ke aiki a nesa, ita ta kama musu ɗaki a wani ƙaramin otal, ta ce tana so Mama ta huta a wuri mai kyau.

Wurin kuwa ya yi kyau, har ya so ya yi yawa. Tsohon gida ne aka gyara, babu ko allo a ƙofa sai wani ɗan ƙarfe mai rubutu da bai kai tafin hannu ba. Bangon ɗakin kore ne mai duhu, fitilu na rataye cikin kwanduna, kujerar kuma kamar an raba ƙwai biyu. Banɗakin da gilashi aka kewaye shi. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce lallai wanda ya gina wannan ba shi da surukai.

Da gari ya waye ta jingina da matasai tana kallon rufin gidaje ta taga, hankalinta kwance kamar ba ita ake jira wa labari ba. Shi kuwa Rafali ya danna maɓallin labule ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya jera takalmansu. Ya sauka ya tambayi matar da ke teburin karɓar baƙi ko asibitin na da nisa, alhali jiya daga can suka zo. Ya hau, ya tambayi matarsa ko wuyan na ciwo. Ta ce ba ya ciwo. Bai jima ba ya sake tambaya.

"Baban Auta, jiri kake sa ni," in ji ta. "Ka fita ka samo mini lemo, ko ƙafarka ta huce."

Ya fita da sauri har ya manta wayarsa a kan gado. Ya sami mai kayan marmari a kwanar titi ta biyu, amma lemon bai yi masa ba, ya ƙara gaba. Tafiyar ta yi masa daɗi, don muddin yana tafiya ba ya tunanin abin da likita zai ce. Da ya juyo riƙe da leda, sai ya ga titunan duk sun zama iri ɗaya: dogayen gidaje, ƙofofin katako, tukwanen furanni. Ya nemi sunan otal ɗin a kansa ya rasa. Auta ce ta san shi, direban tasi ne ya kawo su.

Ya tambayi wani mai gyaran takalmi, ya ce otal ne mai banɗakin gilashi. Mutumin ya yi dariya ya ce bai taɓa shiga ba balle ya sani. Rana ta karkata. Rafali ya shiga wannan layi ya fita wancan, gumi ya jiƙa masa riga, ledar tana dukan gwiwarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana gudu bai haki ba, yau numfashinsa ya ƙi daidaita. Daga ƙarshe wata mai shagon furanni ta gane wurin da ya kwatanta koren bangon, ta nuna masa. Ashe sau da yawa ya wuce ta ƙofar.

Matar teburin ta ce uwargidan ta jira shi, da lokaci ya ƙure ta sa aka kira mata tasi ta tafi. Ya juya zai bi ta, matar ta ce ta bar saƙo kada ya motsa ko nan da can, kada su yi saɓani.

Haka ya hau ɗaki ya zauna a bakin gado, ledar lemon a cinyarsa. Ƙafarsa tana rawa, ya danne ta da hannu. Yau kam babu inda zai gudu, sai tunanin ya same shi gaba ɗaya: gidansu babu ita, murfin tukunya babu mai ɗagawa, ba mai yi masa tsiya in ya cika zirga-zirga.

Hasken taga ya fara ja lokacin da ƙofa ta buɗe. Matarsa ta shigo, ya miƙe.

"Ƙullutun ba mugu ba ne," ta ce. "Amma sai an cire. Mako mai zuwa."

Ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta ce gara ma da bai je ba, da yanzu ya hana likitan magana da tambayoyi. Sai da ta zauna ya lura, duk natsuwar nan tata, ta kasa kwance igiyar takalminta. Ya durƙusa ya kwance mata, ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kira Auta, yarinyar tana can ita ma ta kasa zaune ta kasa tsaye.