An Hana Hajo Dariya

Duk Maska an san dariyar Hajo. In ta ƙyalƙyale a bakin rijiya, sai masu cirar auduga a gona su ɗago kai. To ita ce fa aka ce kada ta yi dariya har kwana goma.

Idonta na hagu tuni ya tafi. Shekara bakwai da suka wuce wani mai yawon magani ya soka masa allura, ya tura yanar da ta rufe shi can ciki. Ta yi kwana uku tana gani, daga nan ido ya kumbura, ya yi tauri, ya mutu. Saura na dama, shi ma yanar ta rufe shi. Shi ne likitan da ke zuwa asibitin Malumfashi daga Kano ya yanka, ya zare yanar gaba ɗaya, ya ɗinke.

Salome, ma'aikaciyar jinya, ta tokare kan Hajo da jakar yashi dama da hagu. Ta ce mata ido kamar salka yake, cike da ruwa. In an matsa shi da tari, ko sunkuyo, ko dariya, ɗinki zai ɓalle, kuma ba wani idon a ajiye.

Rana ta uku sai ga Hussaini daga Bakori, ɗan kawunta, taubashinta. Shekara sittin bai taɓa gaishe ta ba sai da tsiya. Salome ta tare shi a ƙofa ta ja masa kunne sosai, bawan Allah ya tsorata. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sassauta murya.

"Sannu, Yaya Hajo. Allah ya ƙara sauƙi."

Yaya? Daga bakin Hussaini? Ai gara a ce zaginta ya yi, ta saba. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta cusa bakin zane ta cije, gado na rawa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta ji idon na zogi. Da kyar ta yi wa Salome nuni a fitar da shi. Aka kora shi gindin mangwaro, can ya yi mako guda yana tambayar duk mai wucewa ko ɗinkin ya riƙe.

Ɗinki kuwa ya riƙe. Ran da aka kwance bandeji aka gwada mata tabarau mai kauri, ta ce a shigo da shi. Ta daɗe tana kallonsa, shi ko ya gyara tsayuwa yana jiran ta fara tsiya, har ya tanadi amsa.

"Hussaini, duk wannan furfurar taka ce? Matso in gani da kyau."

Ya matso, ya tuɓe hularsa, ya miƙa mata kan.