Dutsen da Ya Ƙoshi da Tumaki

A bazarar nan rafin da ke ratsa gonar Trendafil ya janye har ya koma kamar igiya. Iyayen kifinsa masu jan ɗigo, waɗanda yake jiran ƙwansu da kaka, suna cikin tafkin siminti, inji yana ta juya musu ruwa guda, suna shaƙar abin da suka kasayar. Tun safe suka taso sama suna hangame baki. In suka mutu irin ya ƙare, don a duk kwarin shi kaɗai ya rage da su.

Trendafil mutum ne mai tsayawa kallon abin da kowa ya wuce. Ya daɗe da lura cewa garken tumakin kakansa, wanda aka gina da wani farin dutse marar nauyi, bai taɓa zarni ba. Ka jefa ɓarinsa a wuta ya yi ta huci kamar tukunya, ka ɗora a harshe ya manne. Ya ce dutsen da ya iya da tumaki ai zai iya da kifi. Ya rushe bango guda, ya farfasa, ya cika buhuna, ya nutsa su a tafkin.

Rana ta take, kifi ba su sauka ba.

Matarsa Zlatka ta leƙo. "Tsoho, bangon kakanka ka rushe don ka yi musu kushewa?"

"Kira min yarinyar nan, ki bar ni da abin da ya dame ni."

'Yarsu Ralitsa tana aiki a matatar mai can bakin teku. Ta ji bayani ta waya, ta ce, "Tunaninka daidai ne, Baba. Ziyolait ne, ɗan'uwan wanda muke fasa ɗanyen mai da shi ya zama fetur. Cikinsa duk ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, zarnin ya shiga ya riƙe shi. Ina ka haƙo?"

"Bangon garke."

Ta yi dariya har da tari. "Ka kira ƙosasshe walima. Tun zamanin kakanka yake shan fitsarin tumaki, ina ya ga sauran ɗaki? Jiƙa shi a ruwan gishiri mai kauri, da ɗan toka. Gishirin zai shiga ya koro tsofaffin baƙin. Amma nesa da tafki, kada ya amayar wa kifin a ka."

Kanti yana can gindin tsauni, kuma ranar bikin waliyyin ƙauye ce, a rufe yake. Gishiri mai yawa a gidan wuri ɗaya yake: gangunan ruwan gishirin da Zlatka ta jiƙa farin cukun hunturu a ciki.

"Ɗauke idonka daga gangunana," in ji ta.

Ya mayar da idonsa kan tafkin. Wani babban kifi ya juya ciki sama, ya sake mirginowa da ƙyar. Zlatka ta dubi kifin, ta yi tsaki, ta naɗe hannun riga, ta shiga tsamo cuku tana jerawa a kan tebur.

"In ya lalace, kifinka za ka ci da hunturu, har ƙaya."

Suka juye ruwan a kwamin shayar da dabbobi, suka watsa toka, suka tsamo buhunan daga tafki suka tura ciki. Can sai wari ya taso, mai sa hawaye. Zlatka ta toshe hanci ta ja baya. Shi kuwa Trendafil ya tsaya yana shaƙa, yana murmushi, don a ganinsa duk tumakin gidan ne suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da baƙin ragon da ya tunkuye shi yana yaro.

Suka ɗauraye duwatsun a rijiya har ɗanɗanon gishiri ya bar su, suka mayar tafki.

Kafin rana ta faɗa bayan tsauni, kifayen suka fara nutsewa. Babban nan ya kaɗa wutsiya ya watsa wa Zlatka ruwa a zane, ya yi ƙasa.

"Ka ga marar godiya," in ji ta. "Halin mai shi ya ɗauko."

Trendafil ya gutsiri cuku ya miƙa mata rabi. Idonsa kuwa ya riga ya koma kan sauran bangon garken guda uku.