Dabino Bakwai a Hanyar Al Ƙudra

Da sassafe, kafin su bar unguwar International City a Dubai, Maimunat ta ja mijinta Zailani gefe, ta cusa masa ƙullin dabino bakwai a aljihun riga.

"Baba ya yi allurarsa ta ciwon suga, amma shayi kawai ya kurɓa," ta ce. "In ka ga gumi mai sanyi, ko ya fara magana ba kan gado, ka ba shi abu mai zaƙi nan take. Shi ba zai taɓa gaya maka ba."

Zailani ya ce to. Shekara huɗu da aurensa bai taɓa kai loma baki a gaban surukinsa Alhaji Ɗalhatu ba, shi ma Alhajin bai taɓa ci a gabansa ba. Ko sunansa ba ya kira, sai dai Injiniya. Da ma Hafiz ne, ɗan Alhajin, zai shiga tsakaninsu a wannan tafiya ta kwana uku a kan keke zuwa Al Ain, sai ya gurɗe ƙafa ana jibi tafiya. Alhaji kuwa ya ce babu fashi. Mutumin da ya yi tallar yadi a keke daga Kano zuwa Daura yana saurayi, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagonsa na kasuwar Al Sabkha ya sha wannan labari har ya haddace, ba ƙafar Hafiz ce za ta zaunar da shi ba.

Wajen ƙarfe sha biyu suka shiga gandun dajin Al Marmum ta hanyar Al Ƙudra, sun ci kilomita sittin. Hutun Disamba ne, kamar duk Dubai ta kwaso tabarma ta taho. Motoci sun cika gefen titi, tantuna sun kewaye tafkuna, hayaƙin gashin nama ko ina. Barewar da aka zo gani ma ta yi nisa abinta. Titin keken ɗan siriri ne, masu gudu cikin matsattsun kaya suna wuce su suna "yalla, yalla", wato a yi sauri.

Zailani yana biye a baya, idonsa a ƙeyar surukinsa. Rigar Alhaji ta jiƙe sharkaf, alhali iska mai sanyi ake yi.

"Baba, ko mu ɗan tsaya shwaiya?"

"Ka gaji ne, Injiniya?"

"A'a, Baba."

"To mu je."

Da suka tsaya sallar azahar, Zailani ya yi dabara. Ya ajiye dabino huɗu a kan sirdin keken Alhaji, ya tafi layin alwala, ya yi ta barin mutane suna shiga gabansa don dattijon ya samu sukunin ci. Da ya dawo sirdin wayam, har ya yi hamdala a ransa. Sai ya hango masu kwashe shara su biyu suna tauna, suna ɗaga wa Alhaji hannu.

"Wani bawan Allah ne ya manta dabinonsa," in ji Alhaji, bai dube shi ba. "Na yi masa sadaka da shi."

Haushi ya turnuƙe Zailani, tsoro kuma ya fi haushin. Saura uku ke nan a aljihunsa.

Ba su yi minti ashirin da tashi ba tayar Alhaji ta fara lilo. Ta taka layin tsakiya, ta dawo, ta sake takawa. Wata Baturiya ta kauce da ƙyar tana faɗa. Zailani ya so ya jera da shi, babu wuri, kekuna ta gaba, kekuna ta baya. A can gaba kuma ga inda motoci ke tsallaka titin keken, jere suke kamar za a shiga kasuwa, kowa ya rage gudu ban da Alhaji.

"Baba, birki!"

Ko waiwaye bai yi ba. Zailani ya miƙe a kan feda, ya faɗa cikin yashin gefe, ya cafko kariyar keken surukinsa ya ja da iya ƙarfinsa. Su duka suka zube. Wata farar jif ta ja birki taku biyu daga tayar gaba, direban ya danna hon ya ƙi saki.

Zailani ya ja dattijon zuwa gindin wata bishiya ya jingina shi. Hannun Alhaji sanyi ƙalau, sai kyarma yake. Mutane sun fara taruwa, wani na cewa a kira motar asibiti, wani na cewa ai ba ta da hanyar shigowa a wannan cunkoso. Zailani ya durƙusa, ya miƙa dabino da hannu biyu, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba. Alhaji ya ture hannun. Idanunsa na yawo, sannan suka tsaya a kan fuskar Zailani.

"Hafiz," ya ce, harshensa ya yi nauyi, "ina kekena?"

Hafiz ne kaɗai a duniya ke yi wa Alhaji tsawa ya kwana lafiya. Sai Zailani ya zauna daram a ƙasa, gwiwa da gwiwa, ya ɗaga kai ya kalli surukinsa ido cikin ido.

"Ba inda za ka, Baba, sai ka ci. Duba, ni ma ci nake."

Ya gutsuri rabin dabino ya tauna a gabansa, kunya kamar ta kashe shi. Ɗaya rabin ya sa masa a baki da yatsunsa. Alhaji ya tauna. Zailani ya ba shi na biyu, shi ma ya cinye. Wata mata ta miƙo lemon kwali daga kan tabarmarsu, Zailani ya riƙe masa yana kurɓa.

A hankali kyarmar ta lafa, mutane suka watse, motoci suka ci gaba da tsallakawa. Alhaji ya dubi ƙwallayen dabino biyu a cikin yashi, ya dubi gwiwar Zailani da ta goge tana jini. Idonsa ya dawo daidai, kuma Zailani ya ga lokacin da ya gane wanda ke zaune a gabansa. Da sauri Zailani ya sunkuyar da kai, ya fara ja da baya.

"Maimunat ce ta gaya maka," in ji Alhaji.

"Ita ce, Baba."

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

"Kawo."

Alhaji ya karɓa, ya raba shi biyu da babban yatsa, ya cire ƙwallon. Ya jefa rabi a baki, ya miƙo ɗaya rabin.

"Zailani," ya ce, "matso ka ci."