Farin Layi a Motar Yaya Manniru

Tun ranar Alhamis Safiyatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta fita tsakar gida ta dubi motar, ta koma ɗaki, ta sake fitowa, kamar farin layin da ke jikin ƙofar baya zai gaji ya goge kansa. Garin shiga gida ta goga motar da ginshiƙin get. Motar ta Yaya Manniru ce, kuma da zai tafi kwas Kaduna ya ba ta makulli da sharaɗi ɗaya: ko ƙwarzane ya gani, ita da tuƙi sun rabu. Ranar Lahadi zai dawo.

Kai wa masu gyara bai taso ba, don duk na unguwarsu Lugbe abokan hirarsa ne. Sai ta duƙufa kallon bidiyo a waya, har ta riƙe sunan injin da ake goge fenti da shi, wai shi "sanda" da Turanci. Asabar da safe ta nufi kasuwar Dei-Dei.

Kasuwar ta rikita ta, ga manyan motoci, ga ƙarar yankan ƙarfe. Ta yi ƙasa da murya ta ce wa wani dattijo, "Baba, sanda nake nema." Ya kwatanta mata hanya. Ta yi ta tafiya har ta fara jin kukan shanu. Can wani mai rumfa ya zaro mata sandunan kiwo uku.

"Ta kora ko ta dogarawa?"

"Ta mota ce."

"Motar za ki daka?"

Kunya ta hana ta bayani, sai ta nuna masa hoton injin a waya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ta koma layin 'yan inji ta tambayi Oga Innocent.

Oga Innocent ya jera mata injuna uku a kan tebur. Ta ɗora hannu a kan mafi girma.

"Wannan zai fi sauri ko?"

"Sauri kam akwai," in ji shi. "Giranda ne, ƙarfe yake ci. Minti ɗaya ƙofa ya zama taga." Ya ɗaga wani mai zagayayyen ƙasa. "Wannan ne sanda ɗin. Hajiya, wa zai yi aikin?"

"Ni."

Ya dube ta. Ta nuna masa hoton ƙofar a waya, ya karɓa, ya buɗa shi da yatsu biyu. "Ka sa farce a layin? Ya maƙale?"

Ta sa, ya fi sau ɗari. Bai taɓa maƙalewa ba.

"To ba ciwo ba ne. Fentin get ne ya hau kan naka." Ya ture injunan gefe, ya ɗauko takardar sanfefa mai lamba dubu biyu, da ɗan katakon roba na naɗa ta, da ƙaramin gwangwanin man folish.

"Dubu biyu ba ta yi ƙarfi ba? Ba ni mai tamanin ɗin can."

"Ƙaramin lamba shi ne mugu. Ka jiƙa wannan a ruwa, ka bi a hankali."

Ta karɓa, amma idonta na kan injin. Duk wannan tafiya a kan takarda ɗaya?

"Hajiya, ni mai sayarwa ne, kuma ina ce maka kar ka saya."

A gida ta ajiye bokiti kusa da taya, ta jiƙa, ta goga, ta tsaya ta leƙa, ta sake gogawa. Ruwan ya fara zuba fari. Kafin la'asar layin ya ɓace. Ta murza folish har kafaɗarta ta riƙe kuma gwangwanin ya ƙare, sannan ta ja da baya ta duba. Wurin da ta goge yana sheƙi kamar sabuwar mota, sauran jikin kuwa rana ta daɗe da kashe shi.

Lahadi da hantsi Manniru ya shigo. Bai ajiye jaka ba ya tsaya a kan ƙofar, ya shafa wurin da tafin hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Yaya. Na goga ta da get."

"Na gane. Gyaran nake tambaya."

"Shi ma ni ce."

Ya sake shafawa, ya duƙa ya kalli wurin ta gefe. Ta miƙa masa makulli, bai ko dubi hannunta ba.

"Matsar da ita inuwa," ya ce. "Gobe ki ƙaro man nan, ki bi jikin gaba ɗaya. Ba zan shiga ofis da mota mai faci ba."