Zauren Kaka Ya Ƙi Tsayawa Hoto

Jiya da dare wani mafarki na yi, ni Isuhu mai hoto. Dama da damuwa na kwanta, don Yaya Mudi ya ce da safe za a rushe zauren kakanmu a yi shagunan bulo. Ni kuwa tsofaffin gine-ginen garin nan kaf na ɗauke su hoto, ban da namu.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, gidaje na yawo a titi, mutane a kafe wuri ɗaya. Ruwa na tashi daga ƙasa, indararo na juye shi cikin gajimare. Can na hango zaurenmu zai wuce, ya karkata zanko ɗaya kamar hula. Na ɗaga kyamara, ya juya mini baya.

Sai ga ni a ofis. Wata akuya mai tabarau ce ke ba da izinin hoto.

"Malam, a nan gini ba ya tsayawa sai an yi masa baiti," in ji ta. "Gajere fa. Dogo ni nake cinyewa."

Na rubuta shafi biyu. Ta tauna, ta ce in ƙara gaba.

Sai ga ni a gindin tsamiya, zauren na hutawa.

"Ɗan nan, shekara talatin kana ratsa ni kamar wanda kare ya biyo," ya ce da muryar Kaka. "Ko sau ɗaya ka taɓa zama?"

Wallahi kunya ta kama ni. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na zauna a dakali. Sanyin daɓe ya shiga tafin ƙafata. Na ɗaga kai, sai ga sawun yatsun Kaka biyar a jikin yaɓe, ban taɓa lura da su ba. Baitin ya fito da kansa:

Ƙasa ce aka cuɗa da hannu,
Mai hannun ya koma ƙasa,
Inuwar da ya bari tana nan.

Zauren ya tsaya cak. "To, ɗauka."

"Kaka, bari in ɗan ƙara zama."

"Ka ji shi! Yau da ake sauri."

Ƙarar baro ce ta tashe ni, leburorin Yaya Mudi sun iso da diga. Na suri tabarma na fita a guje. Sai da na zauna a cikin zauren na tuna kyamarar tana ɗaki.